Ma'anar "Slow Down" da Yadda A Ke Amfani da Ita: Nazari Daga Gonakin Rani na Garun Malam

1. Maƙasudi

Duk malamin da ya taɓa koya wa yaran Hausawa Ingilishi ya san akwai waɗansu 'yan kalmomi masu sauƙin faɗi a baki, amma in aka ce yaro ya juya su da Hausa sai ya yi tsuru-tsuru. Cikinsu har da "slow down". Yaro ya san "slow", ya kuma san "down", amma da an gama su wuri ɗaya sai lissafi ya ɓace masa. Wani ya ce ma'anarta tsaya, wani ya ce sauka ƙasa a hankali, wani kuwa ya ce yi hattara. Dukansu sun kewaya gidan, ba wanda ya shiga.

Abin da mu ke nufi cikin wannan takarda shi ne mu bayyana ainihin ma'anar wannan magana, da yadda a ke gina ta, sa'an nan mu nuna cewa ba ta da abokiya guda ɗaya tak a Hausa. Bahaushe ya kan zaɓi kalmarsa bisa ga abin da ke gudun, ko mota ce, ko ruwa, ko ciniki, ko kuwa jikin mutum. Mun ɗebo misalanmu daga ƙasar Garun Malam da maƙwabtanta Kura da Bunkure, domin a can akwai hanyar mota da hanyar ruwa da kasuwa a jere kusa da juna, ko wace kuwa tana da irin nata gudun.

2. Irin wannan aikatau

A Ingilishi akwai aikatau masu yawan gaske waɗanda ba su tafiya su kaɗai, sai da wata 'yar ƙaramar kalma a bayansu, kamar "up" da "down" da "off" da "out". Masanan nahawunsu suna kiran irin wannan "phrasal verb". Sunan ya bazu ne daga littafin Logan Pearsall Smith mai suna Words and Idioms na 1925, shi kuwa ya ce daga Henry Bradley ya samo shi, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamus na Okusfod. Amma tun kafin a raɗa masa suna an san da zamansa. Samuel Johnson ya yi maganarsa cikin gabatarwar ƙamusunsa na 1755, har ya lura cewa nan ne baƙi masu koyon harshen su ka fi shan wuya. Daga baya Dwight Bolinger ya rubuta littafi sukutum a kansa a 1971. A nan za mu kira shi aikatau mai goyo, gama babbar kalma ce ɗauke da ƙarama a bayanta, ma'ana kuwa ta su biyun ce.

Ita "slow" asalinta sifa ce. A tsohon Ingilishi mutum mai nawa, mai sanyin jiki, shi a ke kira haka, daga baya kalmar ta shiga aikin aikatau. "Down" kuwa ta fito daga wata tsohuwar magana mai nufin saukowa daga tudu. Wannan asali shi ke ruɗin yara, gama an koya musu tun a aji ɗaya cewa "down" ita ce ƙasa, "up" ita ce sama. Hanya mafi sauƙi ta warware wannan ruɗu ita ce a gaya musu Turawa su kan ce "slow up" ma, ma'anarta kuwa kusan ɗaya da "slow down", sai dai ba a cika jinta ba kamar 'yar'uwarta. Da a ce sama da ƙasa na zahiri a ke nufi, da maganganun biyu sun zama kishiyoyin juna. Tun da ba su zama ba, lalle 'yar goyon tana wani aiki dabam.

Aikin kuwa shi ne nuna raguwa. Haka ta ke yi a "calm down" da "cool down" da "die down", watau kwantar da hankali, da hucewa, da lafawa. A nan malami yana da gada shiryayya, domin Hausa ma ta kan kwatanta raguwa da saukowa ko kwanciya. Mu kan ce farashi ya sauka, iska ta kwanta, hankali ya kwanta, zazzaɓi ya sauka. Ba wanda ya taɓa ganin farashi a kan tsani, amma kowa ya gane abin da a ke nufi.

3. Sharuɗɗa uku na ma'anarta

In an tace maganar, sharuɗɗa uku ne ke cikin "slow down", in ɗaya ya ɓace to ba ita ba ce.

Na fari, sai abin yana cikin tafiya tukuna. Motar da ke tsaye a tasha ba a ce mata haka.

Na biyu, gudun da ya biyo baya ya kasa na farko. Abin lura a nan shi ne maganar ba ta ce abin ya koma tafiyar hawainiya ba. Direban da ke gudun kilomita 120 cikin sa'a, in ya koma 100, Bature zai ce "he slowed down", alhali kuwa har yanzu gudu ya ke shararawa. Saboda haka akwai bambanci tsakaninta da "go slowly", wadda ita ce tafi a hankali. Ta farko tana auna gudun yanzu da na ɗazu, ta biyu kuwa tana faɗin halin tafiyar ne kurum.

Na uku, tafiyar ba ta yanke ba. Ana iya rage gudu domin a tsaya, amma tsayawar wani abu ne dabam, da kalmarta dabam. Shi ya sa Bature ya kan jera su biyu ya ce "the lorry slowed down and stopped", babbar mota ta rage gudu sa'an nan ta tsaya.

Wannan sharaɗi na uku shi ne aka fi karyawa wajen fassara, shi ne kuma kuskurensa ya fi tsada, kamar yadda za mu gani.

4. Ginin jimla

Akwai abubuwa huɗu da ya kamata malami ya kafe a zukatan almajiransa.

Na ɗaya, uwar ita ke canja kama, 'yar goyo ba ta motsi. A kan ce "slows down", "slowed down", "slowing down". Na sha ganin yara sun rubuta "slow downed" a takardun jarrabawa, domin sun ɗauka kalma guda ce, su ka liƙa alamar shuɗewar lokaci a wutsiyarta.

Na biyu, siffa ɗaya ce ke aiki ko da karɓau ko babu. Dubi waɗannan:

The lorry slowed down. Babbar mota ta rage gudu.
The driver slowed the lorry down. Direba ya rage wa babbar mota gudu.

Ingilishi bai sāke kome a jikin aikatau ba. Hausa kuwa ta shigo da "wa" a jimla ta biyu, tana kuma da hanya ta uku wadda ta ke sāke wasalin ƙarshe, mu ce gudun motar ya ragu.

Na uku, in karɓau suna ne, yana iya shiga tsakanin uwa da 'ya, yana kuma iya zuwa bayansu: "slow the lorry down" ko "slow down the lorry", duka daidai ne. Amma in wakilin suna ne, tilas ya shiga tsakiya. A kan ce "slow it down". Wanda ya ce "slow down it" ya yi kwaɓa, ko da ya ke za a gane nufinsa.

Na huɗu, wajen furuci nauyin murya yana kan 'yar goyo in aikatau ne. In kuwa aka haɗe su su ka zama suna, watau "slowdown", sai nauyin ya komo kan gaɓar farko. Mu da harshenmu ke rarrabe ma'ana da karin sauti ba mu da hujjar sakaci da wannan, gama kunnen yaran Hausawa ya riga ya saba da jin irin wannan bambanci.

5. A kan hanyar mota

Babbar hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa ta Kura, ta bi ta Kadawa da Ciromawa cikin ƙaramar hukumar Garun Malam, wadda aka ƙirƙira a 1996. A bakin wannan hanya kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta ke. Da rani, lokacin da tumatir ya nuna, za ka tarar da kwanduna jibge, da dillalai da 'yan dako da masu talla suna ƙetare titi, manyan motoci kuma suna lodi za su Ikko da sauran garuruwan kudu. A irin wannan wuri ne a kan kafa allo mai cewa SLOW DOWN, a nan kuma fassara ta ke zama maganar rai da mutuwa.

Hausar da ta dace da allon ita ce "Rage gudu". Ta cika sharuɗɗan nan uku daidai, ba ƙari ba ragi. In aka rubuta "Tsaya" ko "Dakata", an umarci direba da abin da ba a nufa ba. Wanda ya bi umarnin ya ja burki tsakiyar titi, na bayansa ya haye shi. Wanda kuma ya ga ba dalilin tsayawa ya raina allon, gobe ko an rubuta gaskiya ba zai kula ba. In aka rubuta "A hankali", an kusa, amma maganar ta yi faɗi. Kalmar hankali daga Larabci ta ke, tushenta tunani da natsuwa, don haka "a hankali" tana ɗauke da ma'ana biyu, rashin sauri da kuma lura. Direba yana iya rantsuwa cewa a hankali ya ke tuƙi, watau idonsa na kan hanya, alhali ƙafarsa na kan totur. Daga nan ne yara su ke samo fassarar nan ta "yi hattara".

Su direbobi suna da nasu kalmomin. Su kan ce a rage wuta, kishiyar a ba ta wuta, su kan kuma ce a sassauta. "Sassauta" ta fi kusa da wata 'yar'uwar maganarmu, watau "ease off", gama tushenta saki ne bayan matsi, kamar yadda a ke sassauta igiya ko linzami. Mahayin doki ya san wannan tun kafin mota ta zo, sai dai shi in ya sassauta linzami doki ƙara gudu ya ke yi, in yana so ya rage sai ya ja. Wannan ya isa ya nuna cewa ba a ɗaukar kalma daga wani fage a dasa ta a wani ba tare da an duba ba.

Akwai kuma "gosulo", wadda mu ka ara daga "go-slow". A Ingila ma'anarta ma'aikata su riƙa jan jiki da gangan wajen aiki don su matsa wa mai gida, abin da Amurkawa ke kira "slowdown". A Nijeriya kuwa ta koma cunkoson motoci, da wannan ma'ana ta shigo Hausa. Yaron da ya karanta jaridar Landan ya ga ma'aikatan jirgin ƙasa sun shiga "go-slow", in ba a faɗakar da shi ba sai ya zaci cunkoso ya tare su a hanya.

6. A kan hanyar ruwa

Noman rani na wannan yanki ya kafu ne zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. An fara gwaji a Kadawa da ruwan madatsar Bagauda, sa'an nan aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita aka danƙa wa aikin. Ruwan yana gangarowa ne da kansa daga Tiga ta babbar magudana, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rabu rassa, rassan su rabu ƙanana, har ya kai bakin gonar mutum. Da damina shinkafa ce ta fi yawa, da rani kuwa alkama da tumatir da albasa da masara.

Takardun injiniyoyi da na malaman gona da Ingilishi a ke rubuta su, manomi kuwa da Hausa za a gaya masa. To, a nan "slow down" ta kan rabu gida biyu. Dubi wannan:

Weeds and silt slow the water down. Ciyawa da laka suna hana ruwa gudu.

Ciyawar da a ke nufi galibi kacala ce, wadda ke cika magudanai in an bar su ba yasa. Bahaushe ya ce "hana ruwa gudu", ko "rage wa ruwa ƙarfi", ba kuwa yana nufin ruwan ya tsaya cik ba. A nan "hana" ta yi laushi, ta zama tauyewa. Wanda gonarsa ke can ƙarshen magudana shi ya fi kowa sanin ma'anar wannan jimla, gama ruwan da ya rasa gudu ba ya isa gare shi kan kari.

Amma in malamin gona ya ce wa mai ban ruwa "slow it down", don kada ruwa ya kwashe ƙasa da iri, Hausarta ita ce "rage ruwan" ko "sassauta ruwan". Abin lura shi ne Bature ya dubi saurin ruwan, Bahaushe ya dubi yawansa. A bakin ƙofar ruwa abu ɗaya ne a aikace, domin da hannu ɗaya a ke yin su, a ɗan sauke ƙofa. Tafintan da ya ce "tsai da ruwan" ko "rufe ruwan" ya sa an datse ƙofa gaba ɗaya, ya kuwa jawo wa maƙwabta asarar kwanan ban ruwansu.

Haka kuma ga shuka. In zafin bazara ya shigo a watan Maris da Afrilu, a kan ce "growth slows down". Bahaushe ba ya cewa tumatir ya rage gudu. Sai ya ce girmansa ya ragu, ko ya yi nawa, ko ba ya yin gaba kamar dā. In ya ce ya tsumbure, to wannan ya wuce raguwa, ya zama tsayawa.

Ruwan sama ma yana da nasa. Turawa ba su cika ce masa "slow down" ba, sun fi cewa "let up" ko "ease off". Hausa tana da kalma daidai wa daida, ruwa ya tsagaita. In ya daina sam, mu ce ya ɗauke. Tsakanin tsagaitawa da ɗaukewa akwai irin tazarar da ke tsakanin "slow down" da "stop", kowane yaron ƙauye kuwa ya san ta tun kafin ya shiga makaranta.

7. A kasuwa da masana'anta

In ciniki ya ragu bayan kakar tumatir, Bature ya ce "trade has slowed down", mu kuwa mu ce kasuwa ta yi sanyi. Ga wani abin sha'awa: Ingilishi ya auna kasuwa da gudu, Hausa ta auna ta da zafi. "Ciniki ya ja baya" ma ana faɗi, amma ta ɗan fi nauyi. "Kasuwa ta mutu" ko "ta watse" sun fita daga ma'anar gaba ɗaya.

Akwai misali a Kadawa wanda ya isa a koyar da shi a aji. A watan Maris na 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a can. Cikin wannan shekara wata tsutsa mai cin ganye da 'ya'ya, wadda masana ke kira Tuta absoluta, ta faɗa wa gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Katsina, tumatir ya yi wuya, masana'antar ta dakatar da aiki bayan 'yan makonni. Abin da ya faru gare ta a lokacin shi ne "shut down", watau rufewa. Da injuna sun ci gaba da juyawa da ɗan abin da a ke samu, da sai a ce "slow down". Kalmomin biyu 'yar goyonsu ɗaya, sautinsu ma ya yi kusa, amma ga lebura bambancinsu shi ne tsakanin ragin kwanakin aiki da zaman gida.

Masu fassara labarai su ma suna faɗawa wannan rami wajen maganar arzikin ƙasa. A 2014 arzikin Nijeriya ya ƙaru da wajen kashi 6 cikin 100. A 2015 ƙaruwar ba ta kai kashi 3 ba. Wannan shi ne "slowdown": ana ƙaruwa har yanzu, amma ba kamar bara ba. A 2016 kuwa arzikin ya koma baya, wannan shi Turawa ke kira "recession". Wanda ya fassara na 2015 da cewa arziki ya karye, ko ya durƙushe, ya riga ya kashe kalmar da zai bukata baɗi. Abin da ya dace shi ne a ce bunƙasar arziki ta ragu.

8. Ga mutum

In likita ya dubi dattijon da ya shekara talatin yana sunkuye a fadamar shinkafa ya ce masa "you must slow down", ba tafiyarsa ya ke nufi ba. Nufinsa ya rage wahala, ya sassauta wa kansa, ya riƙa hutawa. Bai kuwa ce ya bar noma ba, sharaɗi na uku yana nan. In almajiri ya ce wa malami mai saurin baki "please slow down", Hausarta "Malam, a ɗan sassauta" ko "a bi da mu sannu". In kuwa aboki ne ya ga abokinsa yana rawar jiki zai sayar da gona don ya shiga wata harka, ya ce masa haka, to "bi sannu" ce, ko "yi a hankali", a nan ma'anar nan biyu ta hankali ta zama riba, gama duka biyun a ke nufi. Karin maganar da ke cewa sannu ba ta hana zuwa ta ɗauke wannan ma'ana sarai.

Sai a yi hattara da "jinkirta". Jinkiri yana duban lokacin farawa ko na isowa, ba ya duban gudun da a ke yi a tsakani. Mai jinkirta shuka bai fara ba tukuna, saboda haka ya karya sharaɗi na fari. Kalmarsa a Ingilishi "delay" ce ko "put off".

9. Inda Hausa ta ajiye nata goyon

Kada mai karatu ya ɗauka wannan dabara ta Ingilishi baƙuwa ce ga tunanin Bahaushe. F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Jami'ar Landan, ya nuna cikin maƙalarsa ta 1960 cewa aikatau na Hausa ya kasu aji bakwai bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti, kowane aji da irin ma'anar da ya ke ƙarawa. Paul Newman ya faɗaɗa bayanin cikin babban nahawunsa na 2000. In aka duba, aikin da 'yar goyo ke yi a Ingilishi shi wasalin ƙarshe ke yi a Hausa. Sha da shanye su ne "drink" da "drink up". Ci da cinye su ne "eat" da "eat up". Saya da saye su ne "buy" da "buy up". Fita da fito kuma sun rarrabe inda aka dosa, abin da Ingilishi ke yi da kalmomi biyu. Ashe yaron da ya san bambancin "ya sha ruwa" da "ya shanye ruwa" ya riga ya mallaki mabuɗin, sai dai ba a nuna masa ƙofar ba.

Amma kwatancin yana da iyaka. Hausa ba ta da wani aji na aikatau wanda aikinsa nuna raguwa ne, shi ya sa ta ke komawa ga kalmomi dabam dabam: rage, ragu, sassauta, tsagaita, lafa, yi sanyi. Mai ƙamus na harshe biyu wanda ya rubuta guda ɗaya a gaban "slow down" ya wuce, ya ba da gaskiya guntuwa. Kamata ya yi a jera su bisa ga abin da ke gudun, kowace da jimlarta, irin yadda Bargery ya wadata ƙamusunsa na 1934 da misalai.

10. Shawara ga malaman kwalejojin horon malamai

Abin da mu ka gani ya fi amfani shi ne a fara daga Hausa. A sa ɗalibai su kawo tagwayen kalmomi irin sha da shanye, har su gane da kansu cewa ƙaramin ƙari yana juya ma'ana. Sa'an nan a kawo "calm down" da "cool down" da "die down" tare da kwanciyar hankali da hucewa da lafawa, kafin a zo ga "slow down".

Bayan haka a zana tsani mai hawa huɗu a allo: "speed up", "slow down", "stop", "shut down", watau ƙara gudu, rage gudu, tsayawa, rufewa. A ba su labarai gajeru daga wurin da su ka sani, motar tumatir a Kwanar Gafan, ƙofar ruwa a Kadawa, injin casar shinkafa a Kura ranar da mai ya yi wuya, su faɗi hawan da kowane labari ya ke. Wanda makarantarsa ke kusa da magudana ya fita da yara bakinta, su ga ruwa sa'ad da aka ɗan sauke ƙofa da sa'ad da aka datse ta. Darasin rabin sa'a a can ya fi na mako guda a aji zama a ƙwaƙwalwa.

Daga ƙarshe a hana su fassara kalma ita kaɗai. Duk wanda aka tambaya ma'anar "slow down" ya saba da mai da tambaya, ya ce, "Mene ne ke gudun?" In mota ce ta rage gudu, in ruwan magudana ne a sassauta shi, in na sama ne ya tsagaita, in kasuwa ce ta yi sanyi, in dattijo ne ya rage wahala. Muna fata malamai 'yan'uwanmu na Sakkwato da Katsina da Damagaram za su aiko mana da kalmomin da a ke amfani da su a nasu wuraren, musamman na masunta da na mahaya, domin a gwada su da waɗannan na ƙasar Kano. Allah ya sa mu dace.